Tsuntsu Mai Wutsiya Biyu

Ranar wata Alhamis ce cikin damanar 1992, shekara guda ke nan da aka yanke mana jiharmu ta Kebbi, Baba ya shigo gida bayan la'asar da laka har gwiwa, takalmansa a hannu ɗaya, hularsa a ɗaya hannun ya tallabe ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, indararo na ta ɗiga cikin bokiti, ni kuma ina tsugune bakin murhu ina fama da jiƙaƙƙen icce, hayaƙi ya cika mini ido. Bai ko nemi ruwan wanke ƙafa ba ya ce, "Kulu, taho ki ga abin mamaki." Na leƙa cikin hular, sai ga wani ɗan tsuntsu na farar takarda, wuyansa dogo, fikafikansa a buɗe, babu ɗinki, babu gam, babu inda almakashi ya taɓa.

A lokacin Baba direba ne a ofishin aikin gona, kuma cikin makon an haɗa shi da wani baƙo da ya zo duba shinkafar fadama. Mutanen gari suna ce masa Ɗan Sin, Baba kuwa kullum sai ya gyara musu, ya ce mutumin Japan ne, ƙasarsu daban. Ranar sun nufi fadamar Ambursa, mota ta kafe cikin laka har ciki. Baba ya ce hankalin kowa ya tashi: jami'in da ya raka su na ta faɗa, manoma na kawo kara da itace ana cusawa ƙarƙashin taya, ga hadari ya sake haɗowa daga gabas. Shi kuwa baƙon ya taya turi har ya gaji, sannan ya nemi kan kunyar gona ya zauna, ya fiddo takarda daga jakarsa ya shiga ninkewa bisa gwiwa, sannu a hankali, kamar wanda ba shi da wurin zuwa a duniya. Da ya gama ya miƙa wa Baba, ya dafa ƙirjinsa, ya ja numfashi ya sauke. Baba yana ba da labarin da ƙarfi har da dariya, amma ba ni yake kallo ba, Inna yake kallo. Ita kuwa tana tsakar gida tana shara. Ƙasa a jiƙe take, ko tsinke babu, tsintsiya sai zane take yi cikin taɓo, amma ba ta daina ba, ba ta kuma ɗago kai ba.

Wanda bai san Inna a Argungu ba, ba zai gane abin da sharar nan take nufi ba. Gidanmu na can babban gida ne, kakanni da matan baffanni da yara kamar fari, kuma kowa da sana'ar shinkafa ya tashi. Tun sanyin safiya Inna take ɗora ganga ta turara shinkafa, ta kwashe ta baza bisa tabarmi, mu yara a ba mu tsumagiya mu yi gadin kaji da tantabaru. Wallahi gadin nan ya fi daka wuya, don kina juya baya ki jefa dutsen carafke, zakara ya sa baki. In shanya ta bushe sai turame su fito, mata su jeru suna lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafi kafin ta dawo. A wajen bakace kuwa babu mai kama hannun Inna, faifai a hannunta kamar yana jin magana. Da rani a koma tsintar albasa ana ware manya da ƙanana, ga warin kifin banda daga maƙwabta, ga zuwa bakin gulbi wanki mu dawo da idanu jajur saboda iyo. Ban taɓa ganin hannun Inna a kan cinyarta ba sai in tana tahiya.

Da aka yi jiha, Baba ya bar tuƙin motar albasa ya sami aikin gwamnati, muka tattaro muka dawo Birnin Kebbi. Gari ya cika da baƙi, ko'ina gini ake yi, wurin zama ya yi wuya. Da ƙyar muka sami ɗaki biyu a sashen baya na gidan wani dattijon malami a tsohon gari, wanda manyan mutane masu furfura suke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. Gida ne mai tsabta da shiru, ba a buga turmi lokacin karatu, ba a ɗaga murya. Shinkafa kuma a kasuwa Baba yake sayowa, casasshiya, sai dai a wanke a zuba a tukunya. A nan Inna ta haifi ƙanena na goye, aka yi suna, bai cika arba'in ba Allah Ya karɓi abinSa. Ta yi haƙuri kamar yadda ake yi, mutane suka yi gaisuwa suka watse. Daga nan ne zama ya gagare ta. Ta share tsakar gida har sai da ƙasa ta yi kwari. Ta wanke kwanon da ta wanke. Ta fiddo tufafi daga akwati ta ninke ta mayar ta sake fiddowa. In ta ɗauki carbi, kafin ta ja kaɗan ta miƙe tsaye wai ta ji kuka. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an karɓo ƙwayoyi a asibiti da suke kwantar da ita kamar gawa, ta farka ta fi da.

Ni ma ba baya ba ce wajen rashin zama, kodayake nawa na ƙuruciya ne. A makarantar boko, wadda ban wuce aji huɗu ba na bar ta, malaminmu yana ce mini "mai cinnaka cikin zane." Ana fita tara ni ce farkon zana gidajen 'yar gala-gala, ni ce ƙarshen komawa aji. Amma Allah Ya ba ni kunne. Magana in an yi ta bayan zana, ko an rage murya, sai ta faɗo mini kamar an kira sunana. Da kunnen nan na ji abin da ya hana ni sukuni duk damanar. Kawu Manu, yayan Inna, ya zo daga Argungu, suka zauna da Baba a ƙofar sashenmu, ni ina bayan randa kamar ina wanke moɗa. Kawu ya ce, "Wagga ba lalurar asibiti ba ta. Da ruwa ya janye, hanya ta bushe, ina zuwa in tahi da ita gun mutumen ga na gaba da Gulma." Na san mutumin da yake nufi, mai maganin iska ne. Wata maƙwabciyarmu a Argungu an kai ta can, ta shekara ba ta dawo ba, da ta dawo kuma ga shatin marin ƙarfe a ƙafarta, ba ta gane 'ya'yanta sosai. Na ji kuma an ce ni za a kai ni gidan gwaggona, ƙanena Abdu ya bi Kawu. Baba ya ce, "To, Allah Shi kai mu." Tun daga ranar na zama mai duban sama. Kowa na roƙon ruwa ya lafa kada shinkafa ta nutse, ni kaɗai nake roƙon a yi ta yi.

To, shi tsuntsun nan bai kwana biyu a hannuna ba na warware shi, don ni ba a ba ni abu in bar shi da sirrinsa. Ya koma takarda mai layi-layi, na yi juyin duniya ya ƙi komawa tsuntsu. Na zaci Baba zai yi faɗa, sai ya sa takardar a aljihu ya fita da ita. Ashe duk inda suka tsaya jira da baƙon, sai ya fiddo ta ya nuna masa, shi kuma ya yi ta koya masa da hannu, tun da Turancinsu su biyun bai taka kara ya karya ba. Kafin baƙon ya koma ƙasarsu Baba ya iya. Ya zaunar da ni ya nuna mini: takardar dole gefenta huɗu su zo daidai, a haɗa kusurwa da kusurwa, a buɗe, a sake haɗawa ta ɗaya wajen, a tattaro ta ta ƙanƙance, a ɗaga leɓenta ya wangame kamar bakin kifi, a kwantar. Daga nan ƙafafu biyu su fito, a tura su sama, ɗaya wuya ɗaya wutsiya, a ƙarshe a lanƙwasa kan wuyan ya zama kai. Ya ce abin da ya gane daga mutumin, ba tsuntsun ne magana ba. "Ninki guda, numfashi guda. In kin ja layi da farce, ki bi shi da ido har ƙarshe, kada ki tuna na gaba." Ni ina na ga wannan haƙuri? Nawa duk a karkace suke fitowa, kamar kazar da mota ta taka.

Wata hantsi ina zaune bakin ƙofa ina cuɗa takarda, Inna ta zo wucewa da tsintsiya. Da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗin sunana. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ke, mi kika yi haka? Baki bai hau baki ba." Ta fizge takardar. Mace ce da ko zane ta ninke sai ka rantse da guga aka bi shi, karkataccen abu yana ci mata rai. Ta gyara a tsaye, ta ce sai me, na faɗa mata. Ta nemi inda za ta danna layin, babu, sai ta durƙusa ta kifa faifai ta ɗora a bayansa. Daga durƙuso ta zauna. Ni dai ban motsa ba, ko haɗiyar yawu ban yi da ƙarfi ba. Ina jin numfashinta yana sauka, yana tsawo, har ta kai ƙarshe ta ja fikafikan. Ta juya shi ta ce wannan ai zalɓe ne, ba gauraka ba kamar yadda Baba ya ce. Sannan ta ce, "Akwai wata takardar?"

Daga ranar na sami sana'a. Ana tashi makaranta ni da Abdu mu bi wuraren da ake gini muna roƙon leburori buhun siminti, don a lokacin na takarda ne, mai rufi-rufi. Mu yar da na ciki mai ƙura, mu kakkaɓe na tsakiya, mu danne shi ƙarƙashin tabarma ya miƙe. Masu tsire da masu ƙosai su ma shi suke nema, har gudu muke yi da yaransu. Baba kuma yana kawo wadda aka zubar a ofis, sai an duba babu rubutun Arabiyya a jiki kafin a taɓa. Inna ta riƙa lasar layi tana yagewa ba tare da reza ba. Ba zan ce ta warke ba, sharar tana nan, amma tsakanin azahar da la'asar sai ka same ta zaune da faifai, leɓenta na motsi, kowane ninki da tasbihinsa. Abin da carbi ya kasa riƙe ta a kai, don yatsu sun saba da shi suna ja zuciya na can wani wuri, takarda ta riƙe ta, don ita in hankalinka ya tafi sai ta karkace ta tona maka asiri. Tsuntsaye suka cika kwalla, muka zura wasu a zare muka rataya a ƙofar ɗaki, iska na kaɗa su.

Rataya su ɗin nan ita ta jawo. Jikokin Malam suka gani, kowa yana so, suka riƙa yawo da su har zaure. Wani cikin masu ɗaukar karatu ya gani ya ce subhanallahi, siffar abu mai rai a gidan ilimi? Maganar ta shigo cikin gida wajen Gwaggo Hajjo, matar Malam, tsohuwa mai kirki amma mai tsoron abin da za a ce. Ta zo sashenmu da sassarfa, ta ce wa Inna, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, an ce mala'iku ba su shiga inda ag ga irin wanga. Ni ba ni iya ɗaukar alhakin gidan ga." Ta tsinke zaren, ta juye kwallar cikin murhu. Takardar siminti ba ta da wuyar ci, kafin ka ce me sun zama toka. Inna ita ma tsoro ya kama ta, tana ta istigfari, wai ko shi ya sa take jin nauyi a ƙirji. Washegari tun kafin rana ta fito na ji tsintsiya. Wannan karon har da sashen Gwaggo take sharewa, har bakin rijiya, ta dawo ta faro. Ga ruwan sama ya fara tsallake kwanaki, gero ya yi kai, direbobi suna cewa hanyar Gulma ta kusa biyuwa. Baba ɗan haya ne, kuma mai kunyar malamai, ba zai iya buɗe baki a zaure ba. Ni kuwa na daina cin abinci sosai, kullum ina duban sama ko zan ga gajimare.

Gwaggo Hajjo ce da kanta ta kasa jurewa. Kwanaki tana zaune bakin ɗakinta tana kallon Inna na kai da kawo, rannan da hantsi, bayan masu karatu sun tashi, ta kama hannuna ta ce in ɗauko takarda guda. Ta ja ni har zaure, wurin da ban taɓa tsayawa ba sai dai in wuce da gudu. Malam na zaune bisa buzu, littattafai jibge a gefensa. Ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, ni nit toye abin, kuma tun da nit toye shi yarinyar ga ba ta zamna ba. An ce haramun na, amma kai ba ka gani ba. Ga ɗiyar, ta yi shi gabanka." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce bisimilla. Na fara, gumi na jiƙa takardar. Sai na tuna maganar Baba, na bi layin farko da ido har ƙarshe, na sauke numfashi, na yi na biyu. Ban taɓa yin mai kyau kamar na ranar ba. Da na tura ƙafafun sama na buɗe fikafikai, na kai yatsa zan lanƙwasa, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Mi yar rage?"

Na ce, "Kai, Malam."

Ya karɓa ya juya shi gaba da baya. Tsini biyu ne iri ɗaya, ba ka sanin ina gaba ina baya. Ya daɗe yana dubawa, har na ga gemunsa na motsi kamar mai danne dariya. Ya ce, "Abin da munka karanta, siffa ga kai take. Wanga ba shi da kai, takarda ta anka nanninke. Ku ce ma uwar ɗiyan ta tsaya nan, ta yi ko dubu." Ya miƙo mini, sannan ya ƙara da cewa duk abin da zai zaunar da bawa har ya ambaci Ubangijinsa da natsuwa, ba a gaggawar kore shi.

Da gudu na shiga gida, na tarar da Inna bayan ɗaki da tsintsiya. Sai da Gwaggo ta maimaita mata maganar Malam sau da yawa kafin ta yarda ta karɓa. Ta kifa faifai ta zauna.

Kawu Manu ya zo bayan an fara yankan gero, da motar haya da ya tsayar a ƙofar gida. Ya shigo da shirinsa, ya tarar da ƙanwarsa zaune a inuwa, Gwaggo Hajjo kusa da ita tana yage mata takarda. Inna ta gaishe shi, "Yaya, an zo lahiya? Ina su Iya?" Ta sa na kawo masa fura, ta ci gaba da abin da take yi. Ya ɗauki guda ya juya ya ce, "Wanga wane irin tsuntsu na, wutsiya gaba wutsiya baya? Ina shika dosa?" Inna ta ce, "Ba shi zuwa ko'ina, Yaya, nan shika zama." Gwaggo ta fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba, ya gyara zama ya zuba mata ido. Mai mota ya yi ta danna oda a waje, ya aika Abdu ya ce a jira. Ina bakin randa, ina roƙon Allah kada ta miƙe, kada ta ce ta ji kuka. Inuwa ta matsa, aka kira azahar, ta tashi ta yi salla ta dawo ta zauna. Da la'asar ta gabato Kawu ya shafa fuska, ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce wa Baba, "A bar ta tukuna. In ta tashi, ka aiko." Ya zura ɗaya a aljihu wai zai kai wa Iya, kakarmu, ta gani. Ba a taɓa aikawa ba. Akwai ranakun da abin yake motsa mata, har ta tsufa bai rabu da ita ɗungum ba, amma a ɗakinta ta yi su, muna gabanta, kuma a ɗakin nata Allah Ya ɗauke ta. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Malam da Gwaggo Hajjo.

Yanzu ni ce ba na son fita, in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba ina cikin gidana. Birnin Kebbi ta faɗaɗa har ba na gane wasu shiyoyin, buhun siminti ya koma na leda, ba ya ninkuwa, ba ya riƙe layi. Kwanan baya 'yata ta nuna mini a waya wasu mutane zaune sun rufe ido, wata mata na koya musu yadda za su ja numfashi, ga wasu kuma suna ninke takardu masu launi, wai maganin damuwa ne. Tana nuna mini tana latsa na gaba, ko ɗaya ba ta bari ya kai ƙarshe ba. Jikokina ma haka, ido a waya, ƙafa na rawa, kowa yana gida amma babu wanda yake nan. Wani lokaci bayan azahar nakan yagi tsohon littafin makarantarsu in kifa faifai, in kira su. Sukan zo su tsaya a kaina, su ce in yi sauri. Ni kuma sai in ji ina marmarin tsakar gidan nan mai shiru, da ƙarar farcen Inna yana bin takarda har ƙarshen layi. Ashe zama ma koyonsa ake yi.